Na Biya N45,000 Don A Shigar Da Ni Taɓo A Ƙasan Hawan Kibo

Shekara 6 ke nan da na sayi Hilux ɗina a gwanjon wata ƙungiyar agaji, ƙirar 2008, mai shan gas. A duk tsawon shekarun nan, ƙaramar giyar da ke kusa da babbar, wadda direbobi ke kira ogzilari, mai sa duk tayoyi huɗu su ja mota, ban taɓa kai mata hannu ba sai in zan goge ƙura. Daga gida a Rikkos zuwa shagona a kasuwar Katako, me zan yi da ita? Ƙanena da ke aiki a Abuja ne ya turo min tallar wasu matasa a WhatsApp. Suna haɗa ayarin motoci masu ogzilari su shiga daji da damina, yini guda, a dawo kafin magariba. Ya ce, "Yaya, motar nan taka tana neman tsufa ba ta taɓa yin aikin da aka ƙera ta dominsa ba." Na ce masa ni ma haka, kuma ban mutu ba. Amma dai na biya.

Kuɗin N45,000 ne kowace mota, da mutum 2 a ciki, mai kuma naka ne. Abin da suka yi alkawari a rubuce: jagora, bakanike, motar ceto, abincin rana, sannan a ƙare da la'asar a magangarar ruwan Assop. Cikin waɗannan biyar, uku sun cika har da ƙari, ɗaya ya zo a gurguje, ɗaya ko ƙyallinsa ba mu gani ba.

An ce ƙarfe 7 na safe a haɗu a wani gidan mai kusa da shataletalen Mararrabar Jama'a. Wata Asabar ce a tsakiyar Agusta, marka ta kankama, sanyin Jos na ratsa rigar sanyi. Ni da ƙanena bakwai saura muna can. Ba mu tashi ba sai 9 saura kwata, ana jiran mutum 2 da suka kwana a Rayfield suna ta cewa ga su nan a hanya. Masu shiryawa ba su da ƙarfin halin barin wanda ya biya, kuma wannan rashin ƙarfin halin shi ya bi mu har yamma.

Jagoran dai, wanda tun a gidan man muka laƙaba masa Madugu, mutum ne da zai yi shekara 55, gajere, mai furfura a gemu, ya ce ya daɗe yana tuƙa injiniyoyin rijiyar burtsatse a ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna. Bai tsaya dogon gaishe-gaishe ba. Mota 9 ce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa yana leƙa ƙasa, yana danna zanen taya da babban yatsa. Da ya zo kan tawa ya tambaye ni yaushe rabona da sa ogzilari. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi dariya ba. Ya sa na ja motar gefe kan tsakuwa, na tura ƙaramar giyar daga H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, zuwa H4, inda duka huɗun ke ja, sannan na tsaya cak, na taka kuloci, na kai ta L4, inda huɗun ke ja a hankali da ƙarfi. Ta yi ƙara kamar ƙofar da ta shekara a rufe, ta shiga. Ya ce, "To Alhaji, ka mayar. Kada ka hau kwalta da ita, za ta ɗaure maka ƙafafu."

A kan mota ta ƙarshe aka samu matsala. Wata baƙar jif ce sabuwa dal, mai faɗin wili da siririn roba, irin tayar da aka yi don titin Maitama. Madugu ya ce wannan ba za ta shiga ba. Mai ita, wani Alhaji da ya taso daga Abuja da abokinsa, ya ce motar da ya saya da kuɗin da zai sayi irin tawa biyar ita ce ba za ta shiga ba? Yaron da ke riƙe da takardar kuɗi ya ja Madugu gefe, suka yi ƙus-ƙus, aka ce a tafi. Na ga fuskar Madugu sa'ad da ya dawo, ya sa baƙar motar a tsakiyar ayari, motar ceto dab da bayanta.

Hanyar kwalta kowa ya san ta. Muka wuce Riyom, duwatsun nan da aka ɗora kan juna kamar da hannu suna leƙowa ta cikin hazo, muka wuce shingayen sojoji, muka kama gangaren Hawan Kibo da fitilu a kunne, tireloli na nishi a ɗaya hannun. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, saboda haka kana sauka kunnuwanka na toshewa, iska na ɗumama, ciyawar saman dutse na komawa kurmi. Wannan gefen na kudu maso yamma shi iskar damina ke fara bugowa, ta hau dutse ta zubar da ruwanta, shi ya sa ya fi saman Filato jiƙa da duhun itatuwa. A ƙasan hawan muka bar kwalta muka shiga wata hanyar burji, muka tsaya a bakin wani ƙauye inda Madugu ya je ya gaida mai unguwa, ya fito da wani maharbi da zai zauna gabansa. Wannan ya kwantar min da hankali, don duk ɗan Jos ya san yankin Riyom ba wurin da baƙo zai kutsa daji ba sallama ba ne.

A nan aka yi abin da ni a ganina shi ne rabin kuɗina. Madugu ya fito da geji ya auna iskar tayoyina: 42. Haka masu facin Jos ke bugawa, wai don kada ta yi saurin sacewa. Ya sa aka sace su zuwa 22. Ina kallon tayata ta yi tumbi, raina na ɓaci, ya ce in taya ta yi tauri ƙasan da take takawa bai wuce tafin hannu ba, in ta yi laushi sai ta shimfiɗe ta kama ƙasa, kuma in ta juya tana lanƙwasa tana zubar da lakar da ta cika mata zane. Amma kada a zarce, in iska ta yi ƙasa da yawa robar na iya zamewa daga wili a kwana. Ya raba oba-oba, kowace mota ɗaya. Dokokinsa ba su da yawa. Kada ka bar motar bayanka ta ɓace maka a madubi, in ta ɓace ka tsaya. Kada mota biyu su shiga taɓo lokaci guda. Babban yatsa a wajen sitiyari, don in taya ta daki dutse sitiyarin zai fizge ya karya shi. A gangare kada a taka kuloci, kada a danne birki, a sa giya ta ɗaya a L4 inji ya riƙe motar. Ya ƙare da cewa, "Wanda ya ji ya fi ni sani, ya bari sai mun koma Jos ya koya min."

Awa ɗaya da rabi na farko, wallahi na manta da shekaruna. Yayyafi na sauka, hanyar ta zama jar laka mai santsi kamar an shafa miyar kuɓewa, bayan motar na karkata hagu gabanta na neman dama, ƙanena na ihu yana riƙe da madafin ƙofa. Muka ratsa wata gonar itatuwan tik da malaina da aka dasa sahu-sahu, ganyen tik ɗin faffaɗa kamar faifai, ruwa na ɗiga a kansu da ƙara. Daga nan sai kurmi na gaske a bakin rafuka, gora da tukurwa da kwakwar manja, rassa na shafar gilashi, duhu da rana tsaka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda L4 ke tafiya. Ba ka taɓa totur ba, motar na rarrafe da kanta kamar kunkuru, tana hawa abin da da ƙafa ma sai ka dafa. Shekara 6 ina zaune kan wannan ban sani ba.

Sai girman kai ya shige ni. Mun iso wani kwari mai tsawon kamar taku 30, ruwa kwance a kan baƙin taɓo, sawun motocin gaba biyu a tsakiya. Madugu ya faɗa ta oba-oba: giya ta biyu, a bi sawu, totur daidai wa daida, kada a canza giya a ciki. Ni kuwa na hango gefen dama akwai ciyawa kore shar, na ce ai can ya fi tauri. Ashe ciyawar a kan ruwa take. Ina shiga gaban motar ya nutse, na firgita na take totur har ƙasa, tayoyi huɗu suka yi ta juyawa suna watsa taɓo har kan rufi, suna haƙa wa kansu kabari. Da na ɗaga ƙafa, cikin motar ya zauna daram a kan laka. Na buɗe ƙofa, taɓo na dab da shigowa.

Madugu ya tako da takalmin roba har gwiwa, ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙo ta taga. "Alhaji, ciyawar ce ta kira ka?" Iyakar faɗan da ya yi min ke nan, kuma ya fi zagi zafi.

Yadda suka fitar da ni shi ne abin da zan yaba musu ko a gaban wa. Ba a yi irin namu na gari ba, a tara matasa a yi ta "hai-hai" ana turawa. Yara 2 suka kwashe lakar gaban tayoyi da ƙarƙashin difiransha da shebur. Bakaniken ya kwanta a taɓon, ya lalubo ƙugiyar da ke jikin shasi, ya ƙi ɗaura igiya a ƙarfen adon da na sa a gaban bamba, ya ce wannan in ya ɓalle ta gilashin motar gaba zai shiga. Motar ceto tana da injin naɗe waya a gabanta, winci suke ce masa. Da yake ba ta da wurin tsayawa a gabana, sai suka naɗa faffaɗan bel a gindin wani maɗaci don kada waya ta yanke masa ɓawo, suka rataya kura a jiki, wato ɗan wilin ƙarfe da waya ke zagayawa a kansa, suka bi da wayar ta ciki zuwa motata. Aka yafa jiƙaƙƙen bargo a tsakiyar wayar, saboda in ta tsinke bargon ya kwantar da ita maimakon ta yi bulala. Aka kori kowa nesa, har masu ɗaukar bidiyo. Madugu kaɗai ke magana, da hannu. Minti 25 na fito, kunya ta fi taɓon nauyi.

Tawa wauta ce ta mutum ɗaya, ta ci minti 25. Ta baƙar jif kuwa laifin masu shiryawa ne, kuma ta ci mana yini. Tayoyin nan suna taɓa laka zanensu ya toshe suka koma sumul kamar kwalba, ga shi ba a iya sace musu iska sosai don robar ba ta da kauri. Sau 4 ana jan ta. A na uku abokin Alhajin ya karɓi tuƙi, ya ga wani hawa mai santsi, ya yanke shawarar kauce masa ta cikin gonar masarar mutane. Ya tattake kunya kusan goma, kuma duk da haka ya kafe a tsakiyar gonar. Mai gonar ya fito da fartanya a kafaɗa, dattijo, bai ɗaga murya ba, ya tsaya yana kallon masararsa da ta fara goyo kwance a laka. Madugu ya cire hula ya ce, "Baba, mun yi laifi, ba mu da ta cewa." Ya sa maharbin ya yi tsakani aka ƙiyasta ɓarnar, ya ce ba za a ɗaura wa motar igiya ba sai an biya. Alhajin ya fara cewa ai ya riga ya biya kuɗin tafiya. Wata Hajiya da ke tuƙa tsohuwar Land Cruiser, wadda tun safe ba ta kafe ko sau ɗaya ba, ta ce masa, "Alhaji, kuɗin tafiya ka biya, ba kuɗin masarar bawan Allah ba." Ya biya.

Abincin rana ba sai na ja zance ba. Shinkafa dafa-duka ce a roba, an zuba tun asuba, ta yi sanyi ƙalau, da yankan kaza da ba ya cika baki. A sanyin nan, jiƙe sharkaf, ko ruwan zafi babu. Mutum a Filato da Agusta, dankalin Turawa ko'ina, a ce an rasa wanda zai zo da risho da tukunyar shayi? Abin da ya cece mu fulas ɗin da maiɗakina ta cusa min ina cewa ba na so, da gasasshiyar masarar da muka saya wurin wasu yara. Mun yi alwala da ruwan rafi mai sanyin ƙanƙara, muka haɗa azahar da la'asar a kan tamfol, abokan tafiyarmu Kiristoci suka riƙe mana wani tamfol ɗin a sama don yayyafi.

Wajen ƙarfe 3 da rabi muka iso rafin da in an haye shi, saura kaɗan a fita kwalta ta wajen Assop. Madugu ya ce da suka zo duba hanya ranar Alhamis, ruwan iya ƙauri ne. Yanzu ya zama ja, yana gudu, yana tafe da karmami da rassa. A inda muke yayyafi ne kawai, amma can saman dutse hadari ya yi baƙi ƙirin, kuma duk abin da ya zuba a can nan zai gangaro. Ya kafa sanda a daidai bakin ruwan, ya duba agogo. Wani yaronsa ya shiga da igiya a ƙugu, bai kai tsakiya ba ruwa ya kai masa cinya yana neman kwashe shi, aka jawo shi. Bayan minti 10 gindin sandar ya nutse da kusan faɗin tafin hannu. Madugu ya ce a juya.

Nan fa aka yi ca. Wani matashi mai sabuwar Hilux ya ce kamfanin Toyota da kansa ya rubuta motarsa na shiga ruwan santimita 70. Gaskiya ya faɗa. Madugu ya ce wannan a ruwan da ke kwance ne mai ƙasa da tauri, ba wanda ke tura ka ta gefe yana kwashe yashi ƙarƙashin tayarka ba. Ya buɗe bonet ɗin matashin ya nuna masa inda inji ke shaƙar iska, ya ce kofi ɗaya ya shiga nan inji ya buga, don fistin yana matse iska amma ba ya matse ruwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Cikin mota 9, 2 kaɗai ke da bututun shaƙar iska da ya hau saman rufi. "Ko biyun nan na haye da su, bakwai fa? In bar ku a nan dare ya same ku?" Ni ina cikin waɗanda suka ji haushi, ba zan ɓoye ba, don ƙanena saboda Assop ya taso daga Abuja. Amma ina tsaye ina kallon sandar nan har ruwa ya kai rabinta, sai na ji haushin ya bar Madugu ya koma inda ya dace. Da mun tashi 7 kamar yadda aka rubuta, da ba a ɗauki motar da jagora ya ce kada a ɗauka ba, da tun kafin azahar mun haye rafin nan yana iya gwiwa.

Komowa ta fi tafiya wuya, don hanyar da mota 9 suka bi sau ɗaya ta riga ta dame, ga shi za a sake bi. A nan wani abu ya tsaya min a rai. Mun tarar da wani mai babur da buhun gawayi, matarsa na biye da goyo, yana tura babur ɗin cikin ramukan da tayoyinmu suka haƙa da safe. Mu wasa ya kawo mu, mun biya kuɗi don mu sha wahala, gobe muna gida. Shi kuwa hanyar kasuwarsa ce da ta asibitinsa har ƙarshen damina a Oktoba. Yaran Madugu sun taimaka masa ya fita, amma da na tambayi mai takardar kuɗi ko cikin N45,000 ɗin nan akwai abin da ke zuwa ga ƙauyen don gyaran hanya, sai ya ce suna "tunanin hakan". Ko tifa ɗaya ta marmara a kwarin da na kafe ai da ta rage wani abu.

Mun fito kwalta 6 saura. Injin buga iska ɗaya tal suka zo da shi, ɗan ƙarami mai jona batir, ga taya 36 na jira. Ba a hawa Hawan Kibo da taya mai iska 22, za ta yi zafi ta lalace, saboda haka muka yi layi. Waɗanda suka gaji suka lallaɓa zuwa wurin mai faci. Magariba a hanya ta same mu, abin da aka yi alkawarin ba zai faru ba, kuma hawan nan da dare cikin hazo a bayan tirela ya fi duk taɓon yinin tayar min da hankali. Ƙarfe 8 da rabi na shiga Rikkos.

Wanda ke son zuwa, ya lissafa da abin da ba a rubuta a talla ba. Gas na sha kusan rabin tanki, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai na mota ya tashi. Washegari wankin mota ya ci ninki uku na kullum, don sai da aka ɗaga ta aka fesa ƙasa, laka ta toshe lagireto ta cika bayan wili har sitiyari na rawa. Bakanikena a Farin Gada ya buɗe difiransha na baya ya ga man ya koma fari-fari kamar koko, alamar ruwa ya shiga, aka juye aka zuba sabo, aka sa giris a furofela. Ka tambaye su tun kafin ka tura kuɗi: wa zai ja ayarin, mota nawa, kuma in jagora ya ce mota ba za ta shiga ba, maganar wa ake bi? Ka zo da takalmin roba, da kayan canji a leda, da abincinka da shayinka. Ƙananan yara a bar su gida.

Na rubuta musu duk wannan a zauren WhatsApp ɗin tafiyar. Sun ba da haƙuri kan abinci, sun ce wanda ya sake zuwa za a rage masa N10,000 saboda Assop. Kan maganar baƙar jif ba su ce uffan ba. Na amsa cewa in Madugun nan ne a gaba, kuma shi ke da ta cewa a gidan mai, a sa sunana a ta watan Satumba. In wani ne, ko kyauta ba na zuwa. Ƙanena ya riga ya saka bidiyon kafewata a zauren 'yan gidanmu, har Inna ta kira tana tambaya ko motar ce ta lalace na faɗa rami. Na ce mata a'a, biya na yi. Ta yi shiru, sannan ta ce in ba matata wayar.